Farin Ƙyalle a Ɗorawar Inna

Ƙanena Ja'afaru, Allah ya shirye shi, shi ne ya ɗaura wa ɗorawar Inna farin ƙyalle. Karatun ilimin gandun daji yake yi, aka ba shi aikin auna yadda hayaƙi ke cutar da itatuwan kurmin da ke bayan Jigwada. Sai ya bi bishiyoyi yana ɗaura musu ƙyalle, wai a bar shi ya sha hayaƙi duk rani, sannan a kwance a kai ɗakin gwaji.

Wannan ɗorawa kuwa da kalwarta Inna, mahaifiyarmu Hansai, ta yi daddawa ta ciyar da mu har ta rasu. In na zauna a gindinta, wallahi sai in ji kamar Inna ta zagaya baya ne, yanzu za ta fito.

Masu yin gawayi sun cinye rabin kurmin. Amma da suka ga fararen ƙyallaye sai suka ja baya, domin a wajensu itacen da aka ɗaura wa fari yana da masu shi, wato iskoki, ba a sa masa gatari. Na yi istigfari, amma raina ya yi daɗi ƙwarai.

Ana nan ƙyallen ya soma dusashewa, ya koma ruwan toka, har ya yi baƙi ƙirin. Wata rana Zipora, mai kawo mini gawayi har gidana a Angwan Iya, ta sauke buhu ta ce, “Maman Nasiha, bishiyar nan taku, masu ita sun tashi ko? Mutanenmu sun ce in da ana kula da ita, da an canza mata sabo. Baƙi ai alamar kango ce.”

Tana fita na tare Ja'afaru a zaure.

“Kai, je ka canza ƙyallen nan tun kafin su sare ta.”

“Haba Yaya,” in ji shi, “baƙin nan fa shi ne shaidar. In na taɓa shi kafin ruwa ya sauka, aikin ya lalace. Da shi za a hana masu gawayin gaba ɗaya.”

“A hana su bayan sun sare? Ka ji mini ɗan boko!”

Ya yi ta lallashina, ni kuma na hau dokin zuciya, muka rabu baram-baram. Na yi kwanaki ina jiran ya sauko, shi ma yana jirana. Daga ƙarshe na buɗe akwatin Inna na ɗauko farin mayafinta na sallah don in ɗaura wa ɗorawar, na hau acaɓa da sassafe.

Tun daga nesa na ga sararin sama a inda bai kamata a gan shi ba. Kututture ne kawai, ɗanye, yana tsatsafo da ruwa. Can gefe an rufe gumagumai da ƙasa, hayaƙi na fita a hankali. Har ƙyallen suka haɗa suka turbuɗe. Ja'afaru na durƙushe a wurin, ya riga ni zuwa, da sabon farin yadi a hannunsa.

Bayan sallar layya Zipora ta kawo buhun gawayin kurmin nan. Na zuba a kurfoti na hura, sai ƙamshin daddawa ya cika tsakar gida, alhali ko miya ban ɗora ba. ’Yata Nasiha ta leƙo daga ɗaki ta ce, “Umma, wa ya zo?”