Shanya a Ɗakin Katako

Ɗaki biyu ne a gidan Mai Jita, mai haɗa jitar kiɗa, kuma mai kyan ba na mutane ba ne. Wanda ke da babbar taga da fanka na ajiyar katako ne. Shi da matarsa suna kwana a na bayan, inda rana ba ta san hanya ba. Matar, wadda kowa ke kira Auta duk da ta aurar da 'ya'ya uku, ta daɗe da daina ƙorafi. Shekara ashirin da shida ke nan tana kallon mijinta yana jera falankai a kan kanta, yana sa 'yan siraran sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, yana shafa musu kakin zuma a baki kada su tsage. Kowace Asabar sai ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa kowanne kusa da kunnensa, ya lumshe ido. Ya san shekarun kowane falanki, amma shekarun 'ya'yansa sai ya tambaye ta.

A tsakiyar damina ya yi tafiyar kwana tara, ya je kai jita biyu da ya gama haɗawa. Ruwa kuwa kamar jira yake ya sa ƙafa waje. Rana ta ɓace, wanki ya taru har ya fara tsami a bokiti. Auta ta ɗaga kai ta dubi makullin da yake ɓoyewa a saman ƙofa, ta ce ai katako ba shi da bakin kai ƙara. Ta kafa ƙusa biyu, ta ɗaura igiya daga bango zuwa bango, ta shanya zannuwan gado da wandunan maigidan kansa. Ta rufe taga saboda feshi, ta kunna fanka. Kullum sabon wanki, kullum kaya su bushe ƙayau. Ba ta taɓa tambayar kanta ina ruwan ke tafiya ba. Ana gobe zai dawo ta kwance igiyar, ta share ɗakin, ta mayar da makulli, tana yaba wa kanta da dabara.

Asabar ta biyu bayan dawowarsa ta ji salati daga ɗakin katako, irin wanda ake yi in an yi rashi. Ta tarar da shi tsaye riƙe da falanki, fumfuna ta yi masa fari-fari da kore-kore kamar burodin da aka manta a leda. Goma sha biyun da ya ware don fuskar jita su suka fi shan wahala, su ne kuma waɗanda ya karɓo wata takwas da suka wuce daga rumfar yayanta, mai sayar da katako.

“Ɗanye ya ba ni,” in ji Mai Jita. “Ya rantse mini shekara bakwai suna bushewa. Shekara talatin ina sayen katako a hannun yayanki, ashe kallon sakarai yake mini.”

“Malam, ka tabbata kuwa? Damina ce fa.”

“Damina ashirin da shida ta yi a ɗakin nan, ta taɓa yin haka? Gobe zan loda su a mota, in zube masa su a gaban rumfa, kowa a kasuwa ya gani. Daga nan ni da shi sai a lahira.”

Auta ta san Yaya ba shi da dukiyar da ta wuce kalma ɗaya da ake faɗa a kansa, cewa bai taɓa sayar da ɗanyen katako ba. Kuma in mutanen nan biyu suka ɓata, babu mai iya shirya su, don dukansu taurin kai ya yi musu katutu. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Da ta roƙe shi ya kira Yaya gida tukuna kafin a kai maganar kasuwa, ya yarda, amma don ya samu damar faɗa masa magana sau biyu ne.

Kafin Yaya ya iso suka fitar da falankan tsakar gida, suka jingina su a inuwa, don Mai Jita ya ce rana mai zafi tana tsaga su. Ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya ba ta nata. Ya kakkaɓe fumfunar da busasshen burushi, sannan ya ɗiga ruwan khal mai tsamin nan a tsumma, ya matse shi har sai da ya kusa bushewa, ya riƙa shafawa a hankali yana bin layin itacen. Inda tabo ya ƙi fita ya bi da samfefa mai laushi. Duk shafa ɗaya sai ya ja tsaki ya ambaci Yaya, duk ambato ɗaya sai Auta ta zabura. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Yaya ya shigo da sallamarsa da tumbinsa. Mai Jita bai ba shi kujera ba.

“Mai katako, zo ka ga aikinka.”

“Yau kuma ni ne mai katako? To, madalla.” Yaya ya ɗauki falanki ɗaya, ya karce shi da farce, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa. “Wannan a fata take, ba ta shiga ciki ba. Da ɗanye ne, daga ciki za ta fito. Suruki, ɗakinka ne ya sha ruwa.”

“Ɗakina? Ɗakin da ko shayi ba na shiga da shi?”

“Muje in gani.”

Suka shiga, Auta na biye da su kamar akuyar da ake ja kasuwa. Yaya ya duba rufi, babu yoyo. Ya shafa bango, a bushe. Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin kanta. Da ya miƙe sai idonsa ya tsaya a kan ƙusa ɗaya a bangon hagu, ya juya ya sami 'yar'uwarta a bangon dama, daidai tsayin hannun mace, har da ɗan guntun zare a jiki. Ya dubi ƙanwarsa. Ta dubi ƙasa.

Yaya ya yi gyaran murya. “To, suruki, ɗakinka lafiya lau. Wataƙila dai ni ne na yi kuskure. Tsufa ne. Ka kawo su rumfa, na karɓa.”

“A gaban mutane zan kawo su.”

“A gaban mutanen.”

Nan ne abin ya fi ƙarfin Auta. Haka Yaya yake tun suna yara, ita ta fasa tulu, shi ya sha duka. Yanzu ga shi da furfura zai tsaya a kasuwa a kira shi macuci saboda wandunan wani. Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya, haushin kuma ya fi kunyar ƙarfi.

“Ni ce,” ta ce. “An bar jaki ana dukan taiki. Ni na yi shanya a nan, kwana tara, taga a rufe. Wandon da ke jikinka ma a kan kantar nan ya bushe.”

Mai Jita ya dubi wandonsa kamar ya ga maciji. “A ɗakin katako? Shanya? Ke kuwa wane irin...”

“A ina zan yi? A kaina? Ɗaki ɗaya ne mai iska a gidan nan, ka ba wa itace. Zo nan. Yaya, kai ma zo.”

Ta ja su zuwa ɗakin baya, ta kama gadon ta janye shi daga bango da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. Daga ƙasa har zuwa tsayin matashi bangon ya yi baƙi ƙirin, fenti ya kumbura yana ɓarewa, wari ya taso ya cika ɗakin. Bayan katifar ma ya yi dabbare-dabbare.

Mai Jita ya durƙusa. Hannunsa ya yi abin da ya saba, ya karce, ya shinshina.

“Wannan ba ta bana ba ce,” ya ce a hankali.

“Shekara tara. Nan ne gefena. Ina gogewa tana dawowa.”

“Tarin nan da kike yi duk damina...”

“Wanda kake ce mini in rage shan ruwan sanyi? Shi ne.”

Ya daɗe a durƙushe. Mutumin da ke gane danshin falanki da ƙwanƙwasa ɗaya ya kwana shekara tara taku biyu daga wannan bango bai ji komai ba. Auta ta ga ƙeyarsa ta sunkuya, ta so ta ƙara masa magana, sai ta ji tausayinsa ya hana ta.

Ya miƙe bai kalle ta ba. “Yaya, kama mini gadon nan.”

“Ba ka ba ni haƙuri ba tukuna.”

“Kama tukuna. Haƙurin yana da tsawo, sai mun zauna.”

Yaya ya naɗe hannun riga ya kama ƙafafun gadon. “Ina za mu kai shi?”

“Ɗakin taga.”

“Katakon fa?”

“Zan san yadda zan yi da su,” in ji Mai Jita. “Su ba sa tari.”

Auta ta wuce gaba ta riƙe musu ƙofa.