Injin da Ke Tafasa a Maamobi

Duk wanda ya san unguwar Maamobi ya san jirgin Hudu, ko da yake jirgin bai taɓa ɗagawa daga ƙasa ba. Yana nan a bayan garejinsa, fukafukai jingine da bango, hanci ya leƙo lungu. Hudu makanike ne, ƙuruciyarsa duk a kan wannan abu ta ƙare. Injin kuwa daga wata tsohuwar motar tsere ya ciro shi, irin marar fistin ɗin nan da wani ƙarfe mai kusurwa uku ke juyawa a cikinsa. Ƙarami ne, ga ƙarfi, amma akwai zafin rai. Hudu bai bar shi haka ba, sai da ya ƙara masa tabo, na'urar da ke ɗura wa inji iska, wato ya lulluɓa wa mai zazzaɓi bargo.

Ya dai yi masa tanadi. Ya sa lagireto biyu a ƙarƙashin cikin jirgin, babba na ruwa, ƙarami na mai, ya ƙera musu doguwar hanyar iska mai lanƙwasa, bakinta na fuskantar farfela. Da farko abin ya yi daidai. Daga baya allurar zafi ta fara hawa, kullum gwaji sai ta fi na baya saurin kaiwa ja. Ya canza famfon ruwa, ya canza mai, ya faɗaɗa bakin hanyar iskar. Abin haushi, duk lokacin da ya faɗaɗa bakin sai zafin ya ƙaru.

Mahaifiyarsa, Hajiya Mas'uda, ba ta taɓa kiran jirgin da sunansa ba, "abin nan" take cewa. Kowace Juma'a takan kawo masa abinci gareji kafin ya dawo daga masallaci, ya same ta zaune ta juya wa jirgin baya. Wannan bayan da take juyawa ya fi komai ci wa Hudu rai, don mutum ne mai son uwarsa.

Ranar da tiyo ya fashe ruwan zafi ya ƙona masa hannu, ta ɗaure masa ciwon, sannan ta ce, "Hudu, ka yi mini alkawari. In abin nan ya sake tafasa, ka kwance shi."

"Na yi, Mma," in ji shi. Yana faɗa ya ji kamar ya sa hannu a wuta karo na biyu.

Ran Asabar bayan la'asar aka tura jirgin filin bayan gareji, aka ɗaure wutsiyarsa a jikin darbejiya. Ziblim mai walda, abokinsa tun suna makarantar allo, ya tsaya da bokitin yashi. Hajiya ta zo, ta ajiye kujerarta, ta fuskanci bango kamar kullum. Hudu ya yi bisimilla ya tayar. Injin ya ɗauka da wannan kukan nasa mai kama da na zuma, wankin maƙwabta ya tashi sama, masu jiran trotro, motar haya, a bakin titi suka miƙo wuya. Hudu bai ga kowa ba, allura kawai yake kallo. Ta tashi a hankali, ta ɗan tsaya a tsakiya har zuciyarsa ta fara murna, sannan ta wuce. Tururi ya feso ta ƙasa. Ya kashe.

"Masa Hudu, a sake gwadawa," in ji Ziblim da gurguwar Hausarsa. "Hajiya bai gani ba, shi na kallon bango."

"Ni na gani," in ji Hudu. "Miƙo min sufana."

Ya jira ƙarfen ya huce, ya kwanta ƙarƙashin jirgin, idonsa na yaji. Da hanyar iskar ya fara, wadda tun da ya ɗaura ta bai taɓa buɗe cikinta ba. Wa zai tsaya binciken rami? Ya kwance ƙusoshin, ya ja. Sai ga abubuwa suna zubo masa a ƙirji, tim, tim. Layu ne, manya da ƙanana, na jar fata da na baƙa, sun taru sun toshe fuskar lagireton kaf. Iskar farfela ce ta tura su can ciki inda ido ba ya kaiwa.

Ziblim ya sunkuyo, ya kalla, ya toshe bakinsa da hula.

Hudu ya ɗauki wata tsohuwar laya da ɗinkinta ya sha hannu. Ya san ta. Ita ce marigayi babansa ke ratayawa a gaban tirela duk shekarun da ya yi yana bin hanyar Kumasi zuwa Bawku. Ya fito, ya je ya durƙusa gaban tsohuwa da layun cike da hannu.

"Mma, ke ce?"

Ta kalle su, kunya ta kama ta, sai ta ɓata rai don ta rufe. "To ina zan sa? Nan ne kawai hannuna ke kaiwa. Da ka ƙara buɗe bakin ma na ce Allah ya yi maka albarka, manyan sun samu shiga."

Dariya ta ƙwace wa Ziblim. Hudu kuwa ya dubi layun da ke hannunsa. Ashe duk Juma'ar nan da yake ganin bayanta, ta riga ta gama aikinta kafin a idar da salla.

"Amma ke kika ce in daina."

"Na ce. Ubanka ma na ce masa ya bar hanya, bai bari ba. Na san ɗan wanda na haifa."

"Ya tafasa dai, Mma. Alkawari na nan. In kin ce in kwance, zan kwance."

Ta ɗauki layar mijinta, tana murza ta da babban yatsa. Can ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, ta juya, ta fuskanci jirgin a gaban kowa. Ta dube shi tun daga hanci har wutsiya.

"Mayar da abin da ka cire," ta ce. "Sannan ka zo ka ɗaga ni, ka nuna mini inda za ka zauna. A nan zan ɗaura wannan da hannuna."