Yatsun da Siminti Ya Cinye

Duk abin da ƙasar nan take nema kafin ta karɓi baƙo a matsayin ɗanta, Magini ya yi shi. Ya zauna shekarun da doka ta yanka, ko harara ba ta taɓa haɗa shi da ɗan sanda ba. Ya ci jarrabawar harshe, wadda 'yarsa Auta ta yi ta ɗura masa a kicin har ya fara magagi da yaren mutane. Matarsa da yaran tuni sun yi rantsuwa sun karɓi takardunsu. Shi kaɗai ya rage a gidan, abin da ya rage masa kuwa bai taka kara ya karya ba: ya ɗora yatsu a kan na'ura ta ɗauki zanensu.

Sai na'ura ta ce ba ta san zancen ba.

Ma'aikaciyar ofishin ta goge gilashin, ta sake danna masa yatsa. Shiru. Ta juya hannun ta duba, sumul kamar bayan cokali.

"Baba, wane aiki kake yi?"

"Tayil nake shimfiɗawa."

"Ai shi ya sa. Siminti ya cinye zanen. Ka ajiye aiki na 'yan makonni, ka riƙa shafa mai. In bai dawo ba sai mu tura maganarka wani ofis, rantsuwar bana kuma ta wuce ka."

Mutumin da tun yana saurayi bai san zaman banza ba, shi aka ce ya zauna. Maman Auta kuwa abin nema ya samu. Ta kwashe kayan aikinsa ta kai gidan maƙwabta. Safe da yamma ta lafta masa mai, ta zura masa safar hannu, ta ajiye shi gaban talabijin. Ko kofin shayinsa ba ta bari ya ɗauraye. Yara suna wucewa suna gaishe shi da "ranka ya daɗe, ya hutu?" yana bin su da harara, a ransa kuwa daɗi yake ji, don rabon da a yi ta kansa haka har ya manta.

Amma hannu ya riga ya saba. Ran nan Maman Auta ta ji ƙarar ƙwaƙule-ƙwaƙule a banɗaki, ta leƙa, ga shi durƙushe, safar a aljihu, yana kankare tsakanin tayil da gindin cokali.

"Baban Auta," ta ce, ko muryarta ba ta ɗaga ba, "so kake a ce mu duka 'yan ƙasa ne, kai kaɗai baƙo a cikin gidanka?"

Maganar ta shige shi. Gaskiya tsoro ya ji, tsoron ranar da za a raba layi a filin jirgi, iyalinsa su bi nan, shi ya bi can. Ya miƙa mata cokalin, ya miƙa mata hannuwan.

Da lokaci ya yi Auta ta raka shi. Ya ɗora babban yatsa yana addu'a a ciki. Na'ura ta yi ɗan jim kamar mai shawara, sannan ta kawo koriyar wuta. Haka suka bi ɗaya bayan ɗaya, har ɗan ƙaramin. Ma'aikaciyar ta yi murmushi ta ce ya shirya rantsuwa.

Suna fita ta barandar ofishin sai ya ja ya tsaya. Ya buga dunduniya a ƙasa, ya kasa kunne, ya sake bugawa. Tayil ɗin ya saki, ƙarƙashinsa rami ne.

"Auta, je ki tambayo min wa ke kula da ginin nan."

"Haba Baba, ina ruwanka?"

"Da kam ba ruwana," ya ce, yana naɗe hannun riga. "Yanzu ai ofishinmu ne. Ba zan bari wani ya karye a ciki ba."