Ɗakin da Gwamna Ba Ta Taɓa Shiga Ba

Shekara talatin Sista ta yi tana aikin jinya, ta danne ƙattan maza ta tsira musu allura, amma yau ga ta durƙushe a tsakar falo da murfin tukunya a hannu tana rabon faɗan zomaye. Gashin zomaye sai tashi yake kamar an farke matashin kai.

"Ke Gwamna! Sake shi, ja'ira!"

Gwamna ita ce zomanyar gidan, wata ƙatuwar fara mai kallon raini, shekara huɗu tana mulki tun daga ƙarƙashin kujera har bayan firij. Wanda ake ci wa mutuncin kuwa Ɗan Lele ne, zomon jikar Sista. Yarinyar ta samu jami'a, ɗakin ɗalibai kuma ba a shiga da dabba, shi ne ta kawo shi a kwali tana sharar hawaye.

"Kaka, ki yi min alkawari ba za ki bayar da shi ba."

Sista ta bugi ƙirji. Zomo da zomo, me zai gagara? Yarinyar na fita ta juye kwalin a gaban Gwamna, a kan tabarmar Gwamna, dab da kwanon Gwamna. Abin da ya biyo baya ɗinki uku ne a kunnen Ɗan Lele.

"Mama, laifinki ne fa," in ji likitan dabbobi yana wanke hannu.

"Nawa? Ni na cije shi?"

"Kin kai mata baƙo har cikin fadarta. Ki nemi wurin da ba ta taɓa takawa ba, inda babu warinta ko kaɗan, ki riƙa haɗa su minti goma kullum. In suka sake irin wannan, sai dai ki nema masa wani gida. Tana iya kashe shi."

Sista ta rungumi Ɗan Lele ta fito. Da wane baki za ta gaya wa yarinyar?

Tana isowa gida maƙwabcinta direba ya leƙo ta katanga. "Sista, in abin ya ƙi, ni fa ina da albasa."

"Allah ya tsare gatarinka... kai, ɓace min da gani!" Ta rasa ma zagin da ya dace da shi.

Ta shiga neman wuri. Banɗaki? Nan Gwamna ke shan sanyin tayil. Kicin? Nan take karɓar harajin karas. Sito, baranda, ƙarƙashin gado, ko'ina Sista ta duƙa sai ta tarar da shaidar mulki, ƙanana baƙaƙe kamar ƙwayoyin magani. Ashe ita 'yar haya ce a gidanta ba ta sani ba.

Saura ƙofa ɗaya, a ƙarshen lungu. Ɗakin mijinta Malam ne, inda yake gyaran rediyo da agogo, ko yana raye bai taɓa barin Gwamna ta leƙa ba. Tun ranar da ya rasu, shekara biyu ke nan, ta murɗa makulli ta jefa shi cikin gwangwanin zare. Ba ta son shiga, tsoron ɗakin take ji, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Kwana uku tana wuce ƙofar tana kau da kai. A na huɗu Ɗan Lele, da ke kulle a keji, ya daina cin abinci. Sista ta yi tsaki, ta zazzage gwangwanin.

Warin dalma da man inji suka tarbe ta. Tabaran Malam na kan tebur, kusa da wata rediyo da ya buɗe wa ciki bai rufe ba. Ba ta yarda ta kalla sau biyu ba. Ta zauna a ƙasa, murfin tukunya a cinya, ta saki zomayen.

Ikon Allah! Gwamna ta yi tsuru-tsuru, ta shinshina nan, ta shinshina can, babu abin da ya san ta. Duk girman kan ya zube. Ta yi gurnani sau ɗaya don kada a ce ba ta yi ba, ta koma gefe.

Minti goma suka zama ashirin, ashirin suka zama awa. Da hantsin rana ta shida Ɗan Lele ya lallaɓa ya cusa kansa ƙarƙashin haɓarta. Sista ta ɗaga murfi. Gwamna ta dube shi sheƙeƙe, sannan ta fara lashe masa kunnen da ta yaga. Daga nan suka haɗa kai, suka nufi wata wayar lantarki da ta zubo daga tebur, suka hau gwaguya.

"Malam! Zo ka ga, za su cinye maka waya!"

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta ce. Hawaye suka zubo mata, tana dariya a lokaci guda, zomayen kuma ko a jikinsu.

Da ta share fuska ta kira jikarta ta bidiyo, ta juya wayar ta nuna mata su kwance jiki da jiki. Yarinyar ta yi ihun murna, sai kuma ta tsaya.

"Kaka, wane ɗaki ne wannan?"

"Na kakanki."

"Kin buɗe?"

"Zomaye ne suka matsa," in ji Sista. "Gobe ma zan share shi. Ya bar ƙura kamar ba shi da mata."