Ƙarfen da Bunu Yake Ba Ruwa

"Kin ba shi ruwa?" Bunu ya tambaya daga kan gado.

"Na ba shi," in ji matarsa 'Yar'azumi, ko ɗago kai ba ta yi ba daga kunun da take fifitawa.

Barira, tsohuwar maƙwabciyarsu da ta shigo dubiya, ta san ba akuya ake nufi ba. Wani guntun ƙarfe ne da Bunu ya kafa a ƙasa jikin katangar da ta raba gidajensu. Kullum da safe sai ya zuba masa ruwa rabin tulu, wai idan ƙasar ta bushe, akwatinsa ba ya jin magana. Ita ce ma ta laƙaba masa suna Manomin Ƙarfe, har unguwa ta ɗauka.

Tun yana yaro Bunu yake kara kunne jikin turakun wayar tangaraho. Da ya shiga soja aka kai su Boma, aikin waya aka ba shi. Da ya dawo Haɗeja sai ya kama gyaran tocila da garmaho da rediyon 'yan tsirarun da suke da ita. Tasa rediyon kuwa da hannunsa ya harhaɗa ta cikin akwatin shayi, da tarkacen da yake tsintowa a kantunan garin Malam Madori. Waya ɗaya ta haye tsamiya, ɗaya ta gangara wurin ƙarfen nan.

Ba don waƙa ya haɗa ta ba. Abokinsa na soja, Fannami, yana yi wa wani Bature aiki a Nguru, Baturen kuma yana da na'urar aika saƙo a gida don nishaɗi. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya bar Fannami ya ƙwanƙwasa gaisuwa irin ta soja. Bunu ba shi da abin mayar da amsa, ji kawai yake yi. Tun da ciwo ya kwantar da shi a tsakiyar bazara, akwatin ya daina kawo komai sai shuu. Yau kuma Juma'a ce.

"Sha kunun, Malam," in ji 'Yar'azumi.

"Sai na ji Fannami."

"To Babarbare," in ji Barira, "in ka mutu da yunwa, wa zai girbe ƙarfen?"

"Ke Bafillatana, me kika sani ban da nono?" Ya juya fuska bango. "Na duba batir, na duba komai. Ko dai kunnena ne ya riga ni tafiya."

Barira ta tashi ta fita. A nata ɓangaren katangar akwai kabewar da ta daɗe tana shan laimar ruwan Bunu, duk shekara kuwa sai ya aiko a ba shi babbar ciki, wai ladan ban ruwa. Kwanakin nan ganyenta ya yi laushi kamar tsumma. Ta tsare 'Yar'azumi a bakin murhu.

"'Yar nan, yaushe rabonki da ba ƙarfen nan ruwa?"

"Haba Iya Barira. Kogi ya janye, mai ruwa sai an yi masa magiya. Ga jinya, ga wanki. Sai in ɗauki tulu in shayar da ƙarfe? Ke ce fa kika fi kowa yi masa dariya."

"Har gobe ina yi. Miƙo guga."

Randar 'Yar'azumi saura kaɗan, don haka Barira ta koma gida ta kwaso nata ruwan girkin. Ta leƙa hagu da dama kada wani ya gan ta, ta tsuguna tana tsiyayawa. Ƙasar ta shanye guga na farko kamar ba a zuba ba. Tana kan na gaba sai ga matan unguwa sun shigo dubiya.

"A'a, Barira, ke ma kin shiga noman?"

"Alwala nake yi," ta ce.

"Da guga?"

"Ƙafafuna manya ne."

Bayan la'asar suka tayar da Bunu zaune, suka sa masa filo. Ya murɗa akwatin, ya sake murɗawa. Shuu ɗin ya ragu. Can sai wata 'yar ƙara siririya ta fito, kamar tsuntsu yana tsattsagar itace. Bunu ya rufe ido, yatsansa yana bugun katakon gado.

"Me ya ce?" in ji 'Yar'azumi.

"Abin da ya saba. Bunu, kana nan?" Ya ƙara saurarawa. "Ya kuma ce a gaida tsohuwar da ta jiƙe zanenta."

"Ƙarya kake, Babarbare."

"To zo ki karanta da kanki." Ya miƙa hannu. "Ina kunun?"

Ya sha rabi. Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Da Juma'a ta zagayo, 'Yar'azumi tana zaune cikin takaba, ba wanda ya samu zuwa Nguru da labari tukuna. Ta murɗa akwatin yadda ta ga yana yi. 'Yar ƙarar ta fito, ta tsaya kaɗan, ta sake fitowa. A waje Barira tana tsugune jikin katanga da guga, tana tsiyaya ruwa a hankali a gindin ƙarfen.