Tsibi na Biyar

"Uku! Biyu! Lokaci ya cika!" Ustaz Nagi, mai jagorantar wasan, ya busa usur, zauren cocin ya kaure da dariya. Dakta Ramzi mai kantin magani ya kwance ƙyallen da aka ɗaure masa ido, ya leƙa kwanukansa. Wake a cikin maɓallai, murafan roba a cikin na ƙarfe, abin dai ba kyan gani.

"Dakta, Allah ya sa ba haka kake haɗa mana magani ba!" in ji wani daga baya.

Wasan ba wuya a baki: daro cike da tarkace, kwano huɗu, ido a ɗaure, a ware su cikin minti ɗaya. Tun da aka tashi daga cin abincin Kirsimeti ake fafatawa, ba wanda ya kai rabi.

Armanyus yana dariya, amma hankalinsa na kan mahaifiyarsa. 'Yar Daktan, Damyana, zai aura, kuma yau mahaifiyar tasa ta fara saukowa daga tudun Muƙattam zuwa unguwar Shubra don ganin surukai. Ce musu ya yi 'yar kasuwa ce. Bai faɗa musu shekara talatin da huɗu ta yi durƙushe cikin sharar Alƙahira tana ware roba da kwali ba. A hanya ya roƙe ta ta zauna shiru, ta ce, "To, ɗan nan."

Ina! Ustaz Nagi ba ya ganin baƙo ya ƙyale shi. "Maman Armanyus, taso ki rama wa surukinki!"

Ta dubi ɗanta, ya sunkuyar da kai. Matan coci suka ja ta, suka ɗaure mata ido.

Usur na tashi, hannayen nan masu kanta suka shige daro. Armanyus ya girma a gefensu, amma bai taɓa tsayawa ya kalle su ba sai yau. Ba ta lalube, ba ta tunani. Wake nan, maɓalli can, ƙarfe ya ce ƙwal, roba ta ce tas, hannu biyu kowanne da aikinsa. Masu surutu suka yi tsit. Abuna, limamin cocin, ya miƙe da kofin shayinsa a hannu, baki buɗe. Ƙwalla ta cika wa Armanyus ido.

Daƙiƙa arba'in, daro ya zama wayam.

"Ikon Allah!" Ustaz Nagi ya manta da usur. Sai ya ga wasu murafai tsibe a kan tebur. "Mama, waɗannan fa? Ai kwanon roba ga shi."

Ta janye ƙyallen tana haki, fuskarta fal murna. "Haba Ustaz, ai ba iri ɗaya ba ne. Wannan mai tauri, wancan mai laushi. Ka haɗa su, injin niƙa ya ɓata maka buhu gaba ɗaya."

Sai da ta faɗa ta ji abin da ta faɗa. Ta ɓoye hannayenta cikin mayafi.

"A ina kika koyi wannan?" Dakta ya tambaya a hankali.

"Tsintar shinkafa ce kawai, Dakta, ka san mu mata..."

"Shara take warewa, Baba," in ji Armanyus. "Da ita ta kai ni jami'a. Ni na yi muku ƙarya."

Dakta ya matsa kusa da tebur. Ya ɗauki murfi biyu, ya rufe ido, ya murza su, ya sake murzawa. "Ni duk ɗaya nake jin su. Maman Armanyus, don Allah nuna min."

Ta fito da hannu ɗaya, ta kama yatsunsa.

Damyana ta matso kusa da Armanyus, ba murmushi a fuskarta. Idonta na kan tsohuwar ta ce, "Wannan matar ka ɓoye min?"