Kofin da Dinatu Ta Ƙi Ɗauka

A ikilisiyar Dogarawa kowa da abin da yake faɗa a kan Dinatu. Matan zumunta sun ce tun da 'yarta Lovelyn ta rasu wajen haihuwa, kanta bai dawo daidai ba. Wasu suka ce gaba take da wani. Har akwai wanda ya rantse an gan ta a ƙofar boka a Zabi. Abin da kowa ya gani da idonsa dai, duk Lahadin Jibin Ubangiji, in tiren gurasa da kofuna da ake raba wa masu bi ya iso gabanta sai ta miƙa wa na kusa, ba ta taɓa gurasa ba balle kofi. Alhali ita ke wanke kofunan nan ta jera su, tun Lovelyn tana goye.

Dattijon ikilisiya, Mordecai, ya same ta a rumfarta ta Samaru tana zuba wa ɗalibai shinkafa da wake. Ya jira suka watse.

"Maman Lovelyn, dattawa sun zauna. Ko dai ki karɓi Jibi ranar Lahadi, ko ki ba Rhoda ta zumuntar mata mabuɗin kabad ɗin kofuna. Mutane na magana."

"Da can bebaye ne su?"

"Ki faɗa mini gaskiya. Zunubi ne?"

Ta ajiye ludayi. "Baba, me Fasto ke cewa kafin a raba? Kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya miƙa hannu. To, na bincika. Na kwana a asibiti ina kiran Yesu har muryata ta dishe, yarinyar ta tafi, jaririn ya bi ta. Yanzu in na duba ciki, ban ga bangaskiya ba. Fushi na gani. In sha a kan ƙarya don hankalinku ya kwanta?"

"To me kike zuwa yi coci?"

"Gidan Ubana ne. Ina nan zaune har ya ba ni amsa. In ya gaji da ni, shi zai kore ni, ba ku ba."

Ta kwance mabuɗin daga bakin zaninta, ta ɗora kusa da tukunyar miya. Mordecai ya ɗauka, ya tafi neman motar Sabon Gari.

Ranar Lahadi ana zaton ba za ta zo ba, ko kuma za ta raɓe a bencin baya inda waɗanda ke ƙarƙashin horo suke zama. Sai ga ta da zanin zumunta a goge, ta ratsa tsakiyar jama'a har benci na farko. Ba ta rera waƙa ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

Fasto ya yi maganar da ya saba, cewa kowa ya binciki zuciyarsa, mai damuwa da ɗan'uwansa ya fara shiryawa da shi. Mordecai ya sha jin maganar nan fiye da yadda zai iya ƙirgawa, bai taɓa jin ta tsaya masa a wuya ba sai yau. Shi ke zagawa da tire. Da ya iso gaban Dinatu, ta karɓa da hannu biyu, ta miƙa wa Rhoda, tana kallonsa ido cikin ido.

Aka gama rabo. A al'ada dattawa ke karɓa a ƙarshe. Fasto ya miƙo masa nasa kofin. Mordecai bai ɗaga hannu ba.

"Dattijo?" in ji Fasto a hankali.

Mordecai ya juya. Ya laluba aljihun babbar rigarsa, ya fito da mabuɗin da har yanzu bai iya ba Rhoda ba. Ya taka zuwa benci na farko, ya durƙusa, gwiwarsa na ƙara.

"Maman Lovelyn," ya ce, yadda har 'yan bencin baya suka ji, "abin da muke wa'azi kika yi, muka hukunta ki. Ni na kai miki hukuncin har rumfa. Na yi miki laifi. Ki yafe mini."